Me Ya Sa Akwatin Sautin Jita Ɗaya Yake Dala 100, Wani Kuma Dala 2,000?

Tun da kamfanin Line 6 na Amurka ya sanar da sabon akwatinsa mai suna Helix Stadium a tsakiyar 2025, wanda babbansa ya haura dala 2,000, tsohuwar gardama ta sake tashi a tsakanin masu kaɗa jita. A daidai lokacin kuma kamfanonin ƙasar Sin suna ta fitar da 'yan ƙananan akwatuna waɗanda ba su fi tafin hannu ba, kuɗinsu bai kai dala 100 ba, an kuma rubuta a jikin kwalinsu cewa suna ɗauke da sauti sama da ɗari. Sai matashin da yake tara kuɗi ya tsaya yana tambaya: idan duka biyun aiki ɗaya suke yi, me ake saye da ragowar dala 1,900? Suna ne kawai, ko kuwa akwai wani abin da kunne yake ji?

Kafin mu ci gaba, ga 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram: duk inda na ce dala a nan, ta Amurka nake nufi, ba dalar nan ta sefa biyar ba.

Mene ne wannan akwatin?

Jitar lantarki ita kaɗai ba ta da wata murya ta a zo a gani. Wayoyinta suna girgiza a kan maganaɗisu, maganaɗisun ya mayar da girgizar ɗan siririn lantarki, waya ta kai shi amfilifaya, amfilifaya ta tura wa sifika. Duk abin da aka saka a kan hanyar nan don ya sauya muryar, makaɗa suna kiransa feda, saboda da ƙafa ake taka shi tunda hannuwa biyu suna kan aiki.

Fedojin iri-iri ne. Akwai masu sa muryar jita ta dishe ta yi gurnani, wato obadiraib da distoshan da fas. Akwai masu maimaita abin da ka kaɗa kamar amsa-kuwwa, su ne dile. Akwai ribab, mai ba da amon babban ɗaki ko da a cikin shago kake. Akwai koras, wanda yake sa jita ɗaya ta yi kamar biyu suna tafiya tare, ɗaya tana ɗan karkacewa. Sannan ga wanda ake lilo da ƙafa a kansa jita ta riƙa cewa "wa-wa", kuma sunansa ke nan a duniya baki ɗaya, ba zagi ba ne.

A da kowanne akwatinsa daban. Kamfanin Boss na Jafan, reshen Roland, ya fara fitar da ƙananan fedojinsa a 1977, Ibanez ya fito da koriyar fedarsa Tube Screamer a ƙarshen shekarun 1970. Mai son sauti biyar sai ya sayi akwati biyar, ya jera su a kan allo, ya haɗa su da gajerun wayoyi, ya nema wa kowanne batir ko adafta. Waya ɗaya ta kwance a tsakiyar wasa, sai ka ga mutum ya durƙusa yana lalube.

Akwatin da muke magana a kansa shi ne wanda ya tattara waɗannan duka a ciki ɗaya. A zahiri ƙaramar kwamfuta ce. Sautin jita yana shiga, a mayar da shi lambobi sau 44,100 ko 48,000 a kowane sakan, wasu ma sau 96,000, sai ƙwaƙwalwar na'urar ta yi lissafi a kan lambobin, a sake mayar da su sauti su fita. Ka shirya jerin da kake so, ka adana shi a lamba, gobe taka ɗaya ya dawo maka da shi.

Daga jan wake zuwa kwafar amfilifaya

Irin waɗannan akwatuna sun fara yaɗuwa a ƙarshen shekarun 1980, da Roland GP-8 da Boss ME-5. A 1996 kamfanin Zoom ya fitar da 505, ɗan akwatin roba mai araha da ya shiga hannun ɗimbin 'yan koyo a duniya. Dile da koras ɗinsu suna da daɗi daidai gwargwado, amma gurnaninsu kamar an saki ƙudan zuma a cikin gwangwani. Daga nan ne sunan "dijital" ya ɓaci a wajen tsofaffin makaɗa, kuma har yau wasunsu ba su yafe ba.

Dalilin shi ne, gurnanin da ake so ba daga feda kaɗai yake fitowa ba. Asalinsa daga tsofaffin amfilifaya ne masu ƙwayayen gilashi a ciki, irin na rediyon kakanninmu da sai ta yi zafi take magana. Idan aka ƙure musu murya sai su fara dishewa a hankali, kuma dishewar tana bin hannun makaɗi: ka taɓa a sannu ta fito tas, ka daka ta yi gurnani. Fender Twin Reverb, Vox AC30, Marshall na shekarun 1960, su ne muryoyin da aka saba ji a fayafayai. Matsalarsu tsada da nauyi, don Twin Reverb kaɗai ta kusa kilo 30, ga ƙwayayen suna mutuwa.

A 1998 Line 6 ya fitar da POD, wani jan akwati mai siffar ƙwayar wake, wanda aikinsa kwaikwayon waɗannan amfilifaya da sifikokinsu. Sitidiyo da yawa suka rungume shi. A 2006 wani injiniya Ba'amurke, Cliff Chase, ya fito da Axe-Fx a ƙarƙashin kamfaninsa Fractal Audio, ya kai kwaikwayon matsayin da manyan makaɗa suka fara barin amfilifayarsu a gida. Hanyar ita ce a bi kayan cikin amfilifayar ɗaya bayan ɗaya, a rubuta lissafin yadda kowanne yake aiki.

Sai Bajamushe Christoph Kemper ya zo da wata dabara daban a farkon shekarun 2010. Maimakon a zauna ana lissafin kayan ciki, sai ka jona na'urarsa da ainihin amfilifayar, ka kafa makirfo a gaban sifika, na'urar ta aika wasu ƙararraki masu ban tsoro kamar jirgi zai tashi, ta saurari abin da ya dawo, ta kwafe halin amfilifayar. Neural DSP na ƙasar Finlan ya bi wannan sawu da Quad Cortex, wanda aka nuna a 2020 ya fara isa hannun mutane a 2021, shi kuma da ƙirƙirarriyar basira yake kwafar. IK Multimedia na Italiya ya zo da Tonex.

Abin da ya girgiza farashi kuwa shi ne manhajar Neural Amp Modeler da Steven Atkinson ya rubuta ya sake ta kyauta ga kowa. Mutane suka yi ta kwafar amfilifayarsu suna zubawa a intanet ba ko sisi. Yanzu wasu daga cikin ƙananan akwatunan Sin suna iya karɓar waɗannan kwafe-kwafe, ko da yake sai an rage musu nauyi kafin su shiga. Abin da shekara goma sha biyar da suka wuce sai mai dala dubu biyu, yau ɗan makaranta yana da kusa da shi a aljihu.

To ina kuɗin yake tafiya?

Kaso mafi girma yana tafiya ne a kan ƙarfin lissafi, da albashin waɗanda suka rubuta lissafin. Kowane sauti da ka ɗora a jeri yana cin wani yanki na ƙwaƙwalwar. Amfilifaya tana ci da yawa, ribab mai kyau yana ci da yawa, mai sauya tsayin murya ya fi su duka haɗama. Misali mafi sauƙi yana cikin gida ɗaya: babban Helix na 2015 yana da ƙwaƙwalwa biyu, yana ɗaukar har abubuwa 32 a jeri guda. Ƙaninsa HX Stomp na 2018 yana da ƙwaƙwalwa ɗaya, ya fito yana ɗaukar shida, daga baya aka ƙara zuwa takwas. Amma sautin amfilifayar da ke cikinsu iri ɗaya ne sak. Wanda ya biya dala 1,500 da wanda ya biya 600, idan amfilifaya ɗaya da dile ɗaya da ribab ɗaya suka ɗora, babu mai iya bambance su da kunne. Na farkon fili ya saya da yawan maɓallan takawa da ƙofofi.

A akwatuna masu araha sosai, ƙarancin ƙarfin yana fitowa ta wurare uku. Na ɗaya, ka ɗora abu huɗu ko biyar sai allon ya ce maka ya cika. Na biyu, kwaikwayon bai cika bin hannu ba. Ko ka taɓa a sannu ko ka daka, kusan abu ɗaya ne yake fita, kuma idan ka saki waya tana mutuwa a hankali sai ka ji ƙarshenta yana tsattsagewa. Na uku, kuma shi ne wanda ya fi ba mutum kunya a gaban jama'a, idan ka taka don ka sauya daga shiri zuwa shiri, wato daga jerin da ka adana zuwa wani, sai sauti ya ɗauke na ɗan ƙiftawar ido. A ɗaki ba ka damuwa. A tsakiyar waƙa, lokacin da mawaƙi ya juyo ya ba ka fili, wannan ɗan ramin kamar rijiya yake. Manyan akwatunan sun magance shi ta hanyar ba ka damar kunna wasu abubuwa da kashe wasu a cikin shiri ɗaya da taka guda, har jelar amsa-kuwwar da ka bari ta ci gaba da ƙarewa a bayanka.

Akwai kuma maganar jinkiri, wato lokacin da sauti yake ɗauka daga shiga zuwa fita. Ana yawan tsorata mutane da ita. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan, ke nan milisakan ɗaya daidai yake da matsawa santimita 34 daga sifika. Wanda ya tsaya mita uku daga amfilifayarsa ya riga ya sha jinkirin kusan milisakan tara bai sani ba. Akwatunan zamani 'yan milisakan kaɗan suke ƙarawa. Abin yana zama matsala ne idan aka tara: na'urar aika sauti mara waya a jikin jita, akwati, mikisa (na'urar haɗa sautukan makaɗa) ta dijital, sannan sifika can nesa.

Sai ƙofofi. Ka juya bayan akwatin ka duba, a nan rabin farashin yake ɓoye. Mai araha yana da ƙofar shiga ɗaya, ta fita ɗaya ko biyu, da ta abin sawa a kunne. Mai tsada yana da ƙofa mai baki uku irin ta makirfo, wadda za ka ja waya mai tsawon mita ashirin zuwa mikisa ba tare da ta kwaso gunjin lantarki ba. Yana da ƙofofin aikawa da dawowa, don ka saka tsohuwar fedarka a tsakiyar jeri ko ka haɗa shi da amfilifayarka ta hanyar wayoyi huɗu. Wasu suna da wurin makirfo na mawaƙi. Yawancin na yanzu, har masu araha, suna da USB da za ka ɗauki sauti kai tsaye zuwa kwamfuta, abin da yake rage wa mai ƙaramin sitidiyo sayen wata na'urar.

Gangar jiki ma kuɗi ce. Abu ne da ake takawa da takalmi kowane dare, a jefa shi a bayan mota ko a ɗaure a babur. Na ƙarfe da na roba ba za su yi kwana ɗaya ba. A ƙasarmu ƙurar hunturu tana shiga maɓallan takawa da na murɗawa, sai ka taka sau ɗaya ya tsallake biyu. Allon taɓawa mai launi yana sauƙaƙa shiri, amma ranar da ya fashe, wa zai canza maka shi?

Abu na ƙarshe ba a ganinsa a kanti. Line 6 ya shafe kusan shekara goma yana aiko wa masu Helix sababbin amfilifaya da gyare-gyare kyauta ta intanet, Fractal ma haka yake yi. Wanda ya saya a 2015 akwatinsa ya fi na ranar da ya saye shi. Ƙananan kamfanoni da yawa kuwa sukan fitar da sabon samfuri su manta da na bara. Sai dai wannan al'ada ta kyauta ba doka ba ce: Kemper ya fitar da ƙaramin akwatinsa Player, sannan ya sa sai ka ƙara biyan kuɗi kafin a buɗe maka wasu abubuwan da na'urar take iyawa, kuma masu saye da dama ba su ji daɗin hakan ba.

Adadin da ke jikin kwali

"Sauti 200" ba ya nufin komai. Ana ƙirga koras iri goma da suka yi kama da juna, a ƙirga kowace sifika, a tara. Makaɗin da ya shekara ashirin yana aiki, idan ka leƙa akwatinsa, shiri uku ko huɗu yake zagayawa a kai. Tambayar da ta fi amfani ita ce nawa za su yi aiki a lokaci ɗaya, kuma za ka iya sauya musu jeri yadda kake so?

Kada kuma sunayen su ruɗe ka. Saboda dokar alamar kasuwanci, ba sa rubuta ainihin sunan amfilifayar da suka kwaikwaya. A Helix, US Double ita ce Fender Twin, Essex A30 ita ce Vox AC30, Brit Plexi kuma Marshall ce. Kowa ya san wanda ake nufi, kamar habaicin kishiya.

Matakan farashi

Idan aka bi farashin da suka fito da shi a Amurka, matakin ƙasa yana tsakanin dala 100 zuwa 200. A nan Zoom G1X Four yake, da Boss GT-1 na 2016, da tarin kayan Mooer, Nux, Valeton da Sonicake. Zoom ɗin da GT-1 suna aiki da ƙananan batir huɗu, abin da mai kallo daga Turai zai ɗauka ƙaramin abu ne, mu kuwa mun san darajarsa idan aka ɗauke wuta ana jiran a tayar da janareta.

Daga 300 zuwa 600 nan kasuwa ta fi cika, kuma a ganina nan ne kuɗi ya fi yin aiki. Boss ME-90 mai maɓallan murɗawa a fili ba sai an shiga allo ba, POD Go na 2020 a kan kusan 450, HX Stomp da Boss GX-100 a kan kusan 600, Tonex a kan kusan 400. Daga nan sai a yi tsalle: Boss GT-1000 ya fito a kan 1,000, Helix 1,500, Quad Cortex an sanar da shi a kan 1,600 daga baya ya hau, Axe-Fx III na 2018 kuma kusan 2,500.

Tazarar sauti tsakanin na 100 da na 500 babba ce, ko wanda ba makaɗi ba zai iya ji. Tsakanin na 500 da na 2,000 kuwa ta ragu ƙwarai, har sai an nutsu a ɗaki shiru, kuma mai kaɗawa ya fi mai sauraro jin ta.

Farashin can da farashin hannunka

Lambar da kake gani a shagunan Amurka kamar Sweetwater ba ta haɗa da harajin saye ba, ta shagunan Turai kamar Thomann na Jamus kuwa da harajin a ciki. Kafin kayan su iso Alaba a Legas ko Sabon Gari a Kano, an ɗora kuɗin jirgi, na kwastan, harajin kashi 7.5 cikin ɗari, da ribar ɗan kasuwa wanda shi ma yana lissafin nawa zai sayi dala gobe.

Dalar ce babbar magana. Kafin Yunin 2023 farashin gwamnati yana wajen naira 460, a cikin 2024 ta haura 1,500. Akwatin dala 600 da lissafinsa yake naira 276,000 ya koma 900,000, alhali kamfanin bai ƙara ko kwabo ba. Na dala 1,500 ya kama naira miliyan biyu da dubu 250, wato albashin wata 32 ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Makaɗin Agadas ko Yamai bai sha wannan girgiza ba, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan kusan 656, shi damuwarsa hanyar da kayan za su bi su iso. A baya ma an sha ƙarancin kaya daga tushe: a Oktoban 2020 gobara ta ci masana'antar AKM a Jafan, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera abin da yake mayar da sauti lambobi, ta haɗu da ƙarancin ƙwaƙwalwar na'urori na lokacin korona, masu oda suka yi ta jira watanni.

Shi ya sa mafi yawan abin da ke hannun makaɗanmu na gwanjo ne: tsofaffin Boss GT-8 da GT-10 da ME-70, POD HD500, Zoom G3. Ba laifi ba ne, Boss musamman suna da taurin rai. Amma kada a yi cinikin biri a sama. Ka je da jitarka da wayarka, ka taka kowane maɓalli sau da yawa, ka murɗa kowane murfi kana sauraron ƙaiƙayi, ka girgiza waya a bakin kowace ƙofa, ka bar shi a kunne ya yi zafi.

Ka kuma karanta jikin adaftar. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Adaftocin zamani da yawa an rubuta musu 100 zuwa 240, suna ɗaukar kowacce, amma tsofaffin masu nauyi da suka zo da kayan gwanjon Amurka ba sa ɗauka. Wani yaro da muke wasa tare ya karɓi akwatinsa da yamma, yana rawar jiki ya soka adaftar a bango kafin in buɗe baki. Wani ɗan "fat" muka ji, sai wari. "Yaya, ko fis ne?" ya ce da ni, yana shinshina ta. Allah ya taimake shi adaftar ce kawai ta tafi, amma sai da ya yi mako uku yana neman wadda ta dace, domin ba kowace mai bolt 9 ce take yi ba. Yawancin fedoji tsakiyar bakin adaftarsu ne mai alamar ɗebewa (-), akasin na sauran kayan gida, kuma ƙarfin da suke ja ya bambanta. Adaftar HX Stomp amfiya 3 ce, ta ƙaramar feda ko kusa ba ta kai nan ba.

Abin da aka jona shi da shi

A nan ne mafi yawan kuka yake fitowa, kuma ba ruwansa da farashi. Sifikar jita ba ta fitar da siririn sauti na can sama, daga wajen girgiza 5,000 a sakan take fara yankewa. Wannan yankewar ce take tace ƙaiƙayin gurnani ya zama mai daɗi. Sifikokin taro kuwa suna fitar da komai. Don haka akwatin yana da kwaikwayon sifika a cikinsa. Idan mikisa za ka shiga kai tsaye, dole ka kunna shi, in ba haka ba ƙudan zuman nan su dawo. Idan kuma amfilifayar jita za ka shiga, sai ka kashe shi, in ba haka ba an tace sau biyu.

Na taɓa gani a wajen wani biki. Makaɗin ya zo da akwati mai tsada, allo yana walƙiya, yara sun kewaye shi suna leƙe. Ya jona shi a gaban wata tsohuwar amfilifayar haya, da kwaikwayon amfilifaya da na sifika duka a kunne. Jitar ta fito kamar ana kaɗa ta a ƙarƙashin katifa. Ya ƙara murya, ta ƙara toshewa, ya fara hararar mai mikisa. Mai mikisar, wani dattijo da bai ce komai ba tun farko, ya taso ya zare wayar daga gaban amfilifayar ya mayar da ita ƙofar dawowa da ke baya, ya nuna masa abu ɗaya a allon ya ce, "Ɗana, kashe wannan." Nan take jitar ta buɗe. A gefe guda mai jita ta biyu yana tsaye da tsohon Zoom da aka ɗaure murfin batirinsa da salatif, tun fara wasan ana jin sa tas.

Akwai wani tarkon kuma. Kunnen ɗan Adam ba ya jin kauri da siririn sauti sosai idan murya tana ƙasa, abin da masu bincike Fletcher da Munson suka auna tun 1933. Wanda ya shirya sautinsa a ɗaki cikin dare, murya ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su tashi, zai cika kauri da kaifi. Ya kai shi fili aka ƙure, sai kaurin ya yi karo da mai bes, wato jita mai kaurin murya, kaifin ya riƙa sukar kunne, tsakiyar muryar da ake jin jita da ita kuma babu. Shirye-shiryen da kamfani yake zubowa a ciki ma haka suke, an cika musu ribab don su burge mai gwaji a kanti.

Masu cewa a sayi babba, da masu cewa ɓarna ce

Masu goyon bayan manyan akwatuna hujjarsu lissafi ce. Amfilifaya mai ƙwayayen gilashi guda ɗaya, da fedoji shida masu kyau, da allo da wayoyi da abin ba su wuta, sun haura kuɗin Helix, ga nauyi, ga gyara. Wanda yake hawa jirgi zuwa wasa yana saka akwatinsa a jaka, sautin da ya yi a Jos shi zai yi a Landan. Mai sitidiyo yana samun amfilifaya hamsin ba tare da ya tayar da unguwa ba. Sukan ƙara da cewa araha ba ta ado, wanda ya sayi ƙarami sau uku ya biya kuɗin babba.

Ɗaya ɓangaren suna cewa wannan kwamfuta ce, kuma kwamfuta tsufa take yi. Feda ta 1980 har yau tana aiki, darajarta ma hawa take yi, kuma duk mai gyaran rediyo zai iya buɗe ta ya canza abin da ya ƙone. Akwatin dijital kuwa da an sanar da magajinsa farashin gwanjonsa yake sauka, idan allon cikinsa ya mutu kuma a nan sai dai a ajiye, gaba ɗayan sautinka ya tafi a dare ɗaya.

Ni abin da nake ganin duka ɓangarorin suna tsallakewa shi ne irin kiɗan da mutum yake yi. Mafi wahalar abin da injiniyoyin nan suke kashe shekaru a kansa shi ne gurnanin ƙwayayen gilashi, abin da masu kiɗan rok da metal na Turai da Amurka suke rayuwa a kai. Mai kaɗa jita a coci a Kaduna, ko mai bin salon Kwango da hailaif a wajen biki, yawancin dare muryarsa tas take, da ɗan koras da dile. Wannan kuwa tun Roland JC-120 ta 1975, wadda babu ƙwan gilashi ko ɗaya a cikinta, aka gama da shi, kuma akwatin dala 200 yana yin sa da kyau. Samarin Agadas da suke ƙure jita tana kuka a wajen biki, su suna iya jin bambancin gurnani mai kyau da marar kyau, amma da yawansu feda ɗaya ko biyu da amfilifaya suka ishe su.

Faɗuwar farashin ƙananan akwatuna ta fi amfanar ɗan koyo: da kuɗin waya mai matsakaicin daraja yana samun abin saita wayoyin jita, da ganga mai riƙe masa lokaci, da abin naɗar zagaye da zai kaɗa ya bi kansa, ya sa abin kunne ya yi atisaye har asuba. Wanda ya shiga tsaka mai wuya shi ne ɗan kasuwar da ya tara tsofaffin akwatuna da tsohon farashi, don yaron da ya shigo kantinsa ya riga ya saurari gwajin kowanne a YouTube, ya kuma san nawa sabon na Sin yake a AliExpress har da kuɗin kawowa.